Ba Kowane Ƙwaro Ne Kuɗin Cizo Ba



Ina da 'yar nasiha. Da yaro ya wayi gari yana susa, sai a ce kuɗin cizo ne, a nemo maganin feshi. A ganina wannan gaggawa kuskure ce. A fara duba ƙwaron tukuna.

Kuɗin cizo ja-ja ne, shafaffe, tsawonsa kamar milimita 5, kuma ba ya tashi. Yana ɓuya a ɗinkin katifa da tsagar gado, da dare ya fito shan jini. Za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a zanen gado. In ka murje shi sai jini da wari.

Amma akwai wani ɗan ƙwaro kewayayye, mai dabbare-dabbare, wanda yake tashi. Shi ba ya cizo. Tsutsarsa mai gashi ce ke cin buzu da dardumar ulu da gafaka, gashin nata kuma yakan sa ƙaiƙayi. Maganinta shara, kakkaɓa da shanya. Shi kuwa kuɗin cizo sai wanki da ruwa mai zafi ƙwarai, da toshe tsagogi.

Don Allah iyaye, kada a zuba maganin gona ko ƙwayar adana hatsi a ɗakin kwana. Guba ce, tana kisa. Ran yaro ya fi katifa.

Allah Ya kiyaye mu. Wassalam.