Diyyar Ma'aikaci Hakki Ce, Ba Alfarma Ba



Ya 'yan'uwa, sau nawa muka ji cewa birkila ya faɗo daga bene, ko injin niƙa ya cinye hannun yaro a Dogon Daji, aka sallame shi da "Allah Ya kiyaye gaba" da ɗan kuɗin magani? Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta sauke hakki daga wuyan maigida.

A ƙarƙashin dokar soja ta 1987, maigida ne ke biyan diyya, dunƙule guda, kuma sau da yawa sai an kai ga kotu. Ina talaka, ina kuɗin lauya? A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar doka. Yanzu wajibi ne kowane mai ɗaukar ma'aikata, har gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma, ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a asusun hukumar NSITF, kuma an haramta masa yankar kuɗin daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da ɗan ƙodago da mai koyon sana'a da haɗarin hanyar zuwa aiki. Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya 2 ko fiye, ana biyan su kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

A ganinmu wannan gyara ya fi na da kusa da adalci, domin marayu abinci suke ci kullum, kuɗin dunƙule kuwa kafin a gama zaman makoki dangi sun raba.

To, amma hukumar ta sha kokawa cewa jihohi da yawa ba sa zuba kasonsu. Saboda haka muna tambayar shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe: shin an yi wa malaman firamare da ma'aikatan asibiti da masu shara rajista? 'Yan'uwanmu masu injina da motocin haya da ke sahun gaba a masallaci, ku ma tambayar ta hau kanku.

Wanda ya ji rauni kuma, ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, a rubuce idan ya yiwu, ya kuma shigar da takardar neman diyya kafin shekara ta cika.