Ku Ƙyale Mata Da Zaurukansu

Yanzu duk inda ka kunna rediyo ko ka zauna wajen wa'azi, zancen ɗaya ne: zaurukan WhatsApp sun kashe zumunci, sun kashe aure, sun mayar da mata magulmata. Masu wannan kuka yawanci maza ne, kuma a majalisa suke yin sa. Mutum ya kame bencin mai shayi tun bayan magariba, a yi siyasa, a yi musun Arsenal da Chelsea, a ɗan ci naman wane, sai sha ɗaya na dare ya shiga gida, ya tarar da matarsa riƙe da waya, ya ce duniya ta lalace.

Namiji bai taɓa rasa wurin zama ba. Ga majalisa, ga masallaci, ga kasuwa. Matar aure fa? Sai biki, sai suna, sai gaisuwar mutuwa, su ma da izini. Balle wadda aka aura daga Katsina aka kai Fatakwal, ba uwa kusa, ba ƙawa, maƙwabta ba sa jin Hausa. Zauren nan da ake zagi, a can take jin wa ya haihu, wa ya rasu, a can take da mai ce mata sannu.

Ku leƙa ku ga abin da ake yi a ciki. Bayan isha'i wata ta turo saƙon murya, jaririnta ya ƙi kama nono tun safe, jikinsa zau. Masu cewa a jiƙa kaza a ba shi sun fara, sai wata malamar asibiti da ke zauren ta ce, "Don Allah Maman Abba, ki tashi maigida ku tafi asibiti yanzu, kar ku jira safiya." Saƙon muryar nan ba ƙaramin abu ba ne, don ya shigo da wadda ba ta taɓa zuwa boko ba. Uwar adashe ta jera sunayen waɗanda suka yi zubi da wadda za ta kwasa, kowa na gani, musu ya ƙare. Mai humra da turaren wuta a Maiduguri ta saka hoto, mai saye a Kaduna ta tura kuɗi, a kai wa direba a tasha. A da, sana'ar cikin gida a kan 'yar yarinya take ƙarewa, a ɗora mata faranti ta yini a titi, makaranta kuwa sai dai ta gani ana tafiya. Masu yaƙi da talla ya kamata su fi kowa murna.

Mun taɓa ganin irin wannan tsoro. Da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka kama alƙalami, cewa aka yi littattafan soyayya za su ɓata tarbiyya, har a 2007 aka cinna wa wasu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau marubutan sun koma Wattpad da WhatsApp, masu karatu na biyan kuɗi su shiga zaure, babu mai kantin littafi a tsakani.

Akwai ɓarna, wa ya musa? Akwai 'yan damfara, akwai masu maganin ƙarya, kuma ba mu manta daren 2014 da aka tashe mu wanka da ruwan gishiri saboda Ebola ba, har aka rasa rayuka. Amma jita-jitar da ta fi yi mana illa ita ce ta 2003, da aka ce allurar shan inna na hana haihuwa, Kano ta dakatar da rigakafi har cikin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, yara suka shanye. Lokacin babu WhatsApp, sai a 2009 aka ƙirƙiro shi. Zancen daga bakin manyan maza ya fito, ta lasifika.