Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban NEMSA Kan Tsohuwar Waya A Kura Da Bunkure



Ruwan Tiga ya kawo mana kuɗin shinkafa da tumatir, ana ta gini. Sai dai tsada ta sa magidanta sayen wayar lantarkin da aka ciro daga tsofaffin gine-gine. Robarta ta bushe ta tsattsage, a harhaɗa ta da salatif, sannan a ɗora wa siririya mai 1.5mm dutsen guga, alhali soket 2.5mm yake buƙata. Mahaɗar ce ke ɗaukar zafi, ga yara kwance a ɗakin.

Doka ta ba ku ikon duba haɗin wuta da tantance masu aikin. Don Allah ku zo ku gwada kafin KEDCO ta jona gida. Wayar da ta ci gwaji a bar talaka ya more ta, sauran a hana.