FILIN LAMBU: Waken Ƙamshi Tsakanin Zafin Jalingo Da Sanyin Mambila

Tun da sayen irin shuka daga ƙasashen waje ya yi sauƙi, ko ta hannun matafiya ko ta intanet, masu sha'awar lambu a manyan garuruwan ƙasar nan sun shiga gwada furanni iri-iri waɗanda a da sai a hoto ake ganinsu. Daga cikin waɗanda hotonsu ya fi jan ido a jikin fakiti akwai wani fure mai yaɗo da Turawan Ingila ke kira suwit-fi, masana kuma suka laƙaba masa Lathyrus odoratus. Da yake dangin wake ne, kuma ƙamshi ne abin da ya yi suna da shi, a wannan fili za a kira shi waken ƙamshi.

Tambayar da ta kamata mutumin Jalingo ya yi wa kansa kafin ya fitar da kuɗinsa ita ce, shin wannan fure zai yi a garinsu? Amsa ita ce, a cikin gari sai da wahala, kuma na 'yan makonni kaɗan a ƙarshen hunturu. Amma a Jihar Taraba ɗin nan akwai wurin da yanayinsa ya dace da shi, watau tsaunin Mambila.

ASALINSA

Asalin waken ƙamshi tsibirin Sisili ne da kudancin Italiya. A cikin 1699 wani limamin Kirista masanin tsirrai mai suna Francesco Cupani ya aika da irinsa zuwa Ingila, wurin wani malamin makaranta Dokta Robert Uvedale. A lokacin furen ƙarami ne, mai launin shunayya da ja mai duhu, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi ƙwarai. Ya yi kusan shekara 200 a haka, sa'an nan wani mutumin Sikotlan, Henry Eckford, ya duƙufa wajen barbarar irin a garin Wem, har ya fitar da iri sama da 100 masu manyan furanni da launuka dabam-dabam. A 1901 kuma Silas Cole, mai kula da lambun gidan sarautar Spencer, ya fito da wani iri mai ganyen fure a lanƙwashe kamar bakin leshi, wanda har yau ake kiran zuriyarsa Spencer. Sha'awar furen ta kai matsayin da a 1911 jaridar Daily Mail ta sa kyautar fam 1,000 ga wanda ya aiko da ƙunshi mafi kyau, dubban mutane suka shiga gasar.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, yawancin gyaran da aka yi wa furen, don lambunan ƙasar sanyi aka yi shi. Saboda haka lokacin shuka da aka rubuta a bayan fakiti na mutanen can ne. Wanda ya bi shi ya shuka a watan Maris ko Afrilu a Jalingo, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40 a ma'aunin salshiyas, ya zubar da kuɗinsa.

ZAFI DA TSAWON YINI

Abu biyu ne ke yanke hukunci a kan wannan fure. Na farko zafi. Ƙwayar ta fi tsira da kyau idan sanyin ƙasa yana tsakanin digiri 13 da 18, shukar kuma ta fi son rana mai sassauci da dare mai sanyi. Da zarar zafin rana ya zauna a kan digiri 30 ko fiye, toho yakan kakkaɓe, sandar fure ta gajarce, ganye ya fara rawaya daga ƙasa. A Jalingo ko a tsakiyar hunturu, watau Disamba da Janairu, dare ne ke sanyi, da rana kuwa zafi yakan haye 30. Ga shi kuma shukar tana bukatar kimanin wata uku kafin ta fara fure. Wanda ya shuka a farkon Nuwamba zai ga furensa a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, daidai lokacin da bazara ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Na biyu tsawon yini, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi. Irin Spencer, wanda ya fi yawa a kasuwa, ba ya fure sosai sai hasken rana ya kai awa 12 ko fiye, kamar yadda ake samu a bazarar Turai. Taraba kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, a watan Disamba yininta bai kai awa 12 ba. Don haka abin da ya dace a nema shi ne irin da aka tanada don yin fure a gajeren yini, kamar Winter Elegance, wanda awa 10 zuwa 11 ke isarsa. Tsofaffin iri masu ƙananan furanni, irin su Cupani da Old Spice, sun fi sauran jure zafi, kuma sun fi su ƙamshi. A arewacin Indiya da Pakistan, inda bazara ke da zafi kamar ta nan, haka masu lambu ke yi: sukan shuka a Oktoba ko Nuwamba, su more furen kafin zafi ya sauka, ko da yake hunturunsu ya fi na Jalingo sanyi.

YADDA AKE SHUKAWA

Waken ƙamshi yana da doguwar saiwa, kuma ba ya son a dame ta. Ya fi kyau a shuka shi a inda zai zauna, ko kuwa a doguwar baƙar leda irin ta rainon dashen mangwaro, a dasa shi da ƙasarsa ba tare da an farfasa ta ba. A haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya ko fiye, a cuɗa ƙasar da takin shanu wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yakan ƙone saiwa. Kada kuma a cika masa takin zamani na yuriya, gama zai yi ta ganye ya ƙi fure, kamar yadda wake ke yi a ƙasar da ƙarfinta ya yi yawa.

Ƙwayar da take baƙa mai taurin ɓawo, a ɗan kankare ta da reza a gefen da ba na idon ba, don ruwa ya sami hanyar shiga. A binne ta zurfin rabin inci zuwa inci ɗaya, a bar tazarar inci 6 zuwa 8 tsakanin kowace shuka. Takan tsira cikin kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har mako uku. Ɓera yana son wannan iri ƙwarai, sai a kiyaye. Idan tsiro ya kai inci 4, a tsinke kansa da farce, domin ya fitar da rassa daga gindi. Rassan nan su ne ke ba da fure mai yawa.

Tun ran shuka a kafa masa abin hawa, ko gora, ko karan dawa, ko ragar waya, mai tsawon ƙafa 6, domin yana da 'yan zarurruka da yake kama abu da su yana hawa. A Jalingo a zaɓi gabashin bango ko gefen itace, inda hantsi zai same shi, inuwa ta rufe shi daga azahar. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa a gindinsa don ƙasa ta riƙe laima da sanyi, a kuma ba shi ruwa a gindi da sassafe, ba a kan ganye ba. Mai shuka a tukunya ya nemi ta yumɓu mai zurfi, wadda ke sanyaya ƙasa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Bokitin roba ko na ƙarfe dafa saiwar yake yi. Idan ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye suka taru a kan toho, a wanke su da ruwan sabulu mara ƙarfi tun ba su yi yawa ba, domin suna yaɗa cuta.

YANKA FURE

Wannan shuka tana da wata ɗabi'a: muddin ana yanke furenta, za ta ci gaba da fitar da wani, amma da zarar an bar ta ta yi kwanso, sai ta mai da ƙarfinta ga 'ya'ya ta daina fure. Saboda haka a riƙa yanka kowane kwana biyu ko uku, da sanyin safiya, a lokacin da furen ƙasa ya buɗe na sama bai gama buɗewa ba, a tsoma sandar cikin ruwa nan take. A cikin kwalba yakan yi kwana 4 ko 5. 'Yar ƙaramar cokali ta sukari a ruwan tana ƙara masa kwana. A nisanta shi da ayaba ko mangwaro masu nuna, da hayaƙin mota ko na janareto, gama iskar da suke fitarwa tana sa furen zubewa da wuri.

GARGAƊI

Sunan wake kada ya ruɗi kowa. Ba a cin 'ya'yan wannan shuka. Suna ɗauke da guba wadda, idan aka yawaita cinta, takan raunana ƙashi da jijiyoyin jini. Kwansonsa kuwa ya yi kama da na waken Turawa da ake sa wa a shinkafa. Wajibi ne a ajiye irin nesa da kayan abinci, a rubuta suna a jikin mazubinsa, a hana yara wasa da shi, kada kuma a zuba wa awaki ko kaji ragowar shukar da ta yi kwanso.

MAMBILA DA KASUWA

Ga mutumin Jalingo, duk wannan ɗawainiya ta sha'awa ce. Maganar sana'a tana can Ƙaramar Hukumar Sardauna. Tsaunin Mambila yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga bakin teku, zafin rana a can ba safai yake wuce digiri 25 ba, shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara. Irin wannan tudu ne ya ɗaukaka Kenya a cinikin fure, domin gonakin da ke kewaye da tafkin Naibasha, waɗanda ke aika wardi zuwa kasuwannin Holan, suna kan tsayin kusan mita 1,900. A Gembu, Nguroje da Maisamari lokacin da ya dace shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a ci gaba da ban ruwa, domin ruwan Mambila yana da yawa, kuma yawan laima yakan kawo ruɓewar saiwa da farar cutar ganye.

Masu saye ba za su rasa ba. Yawancin furannin da ake ƙawata wuraren biki da su a ƙasar nan na roba ne, marasa ƙamshi, alhali kuwa jama'ar Arewa ba a bar su a baya ba wajen son turare. Sai dai hanya ce matsalar. Daga Gembu a gangaro ta Serti da Bali zuwa Jalingo tafiya ce ta awoyi masu yawa, furen da kwanansa biyar ne kuwa ya riga ya rasa guda a mota. Mutanen lardin Miyazaki na Jafan suna sayar da wannan fure har Amurka, amma da ɗakunan sanyi da jirgin sama suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya: manomi ya fara samun otal ko mai ƙawata wurin biki da zai karɓa kafin ya faɗaɗa gona, ya yanka da asuba, ya ɗauko cikin bokitan ruwa a rufe.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta tsoron nisa, watau sayar da irin kansa. Waken ƙamshi yana barbarar kansa, saboda haka 'ya'yan da aka tara daga iri guda sukan fito kamar uwarsu. Idan aka bar kwanson ƙarshe ya bushe a jikin shuka, aka ɓare aka adana a wuri mai sanyi mara laima, manomin Mambila zai iya sayar wa masu lambu na Jos da Abuja da Jalingo irin da a yanzu suke saye da kuɗin waje.

Shawara dai ita ce a fara da kaɗan: fakiti ɗaya ko biyu, kunya guda, a rubuta ranar shuka da ranar fure, a gwada iri biyu a ga wanda ya karɓi ƙasar. Ya kamata kuma Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo da Jami'ar Jihar Taraba su yi irin wannan gwaji a ƙasa da kan tsauni, su bayyana wa manoma sakamakon. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.