Sharhi: Irin Waken Mubi Na Bukatar Taska Kafin Tukunyar Naitirojin

Duk ɗan kasuwar da ya saba lodin wake daga Mubi zuwa kudancin ƙasar nan ya san cewa ba nauyi kaɗai ke yanke kuɗin buhu ba. Mai saye a Anacha ko Legas yana duba girman ƙwaya, da launinta, da saurin nunarta a tukunya, da irin ƙosai ko alalar da take bayarwa. Waɗannan siffofi kuwa a cikin iri suke, wato wanda manoman Mubi da Maiha da Hong da Michika da Madagali suke tsamewa daga amfanin bana su ajiye domin damina mai zuwa, tun kaka da kakanni. Ranar da irin ya ɓace, hajar ta tafi tare da shi, komai yawan jarin da ke hannun fatake.

Wannan ne ya sa maganar daskarar da iri, wadda ake yi wa kallon ta masana ce kawai, ta cancanci a kawo ta gaban 'yan kasuwa. Dabarar ita ce a busar da iri sarai, a rufe shi a ɗan mazubi, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan naitirojin, ko a rataye shi cikin tururinsa. Naitirojin dai iska ce, ita ce ma kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa, amma idan aka sanyaya ta zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigireti sai ta koma ruwa. A cikin irin wannan sanyi kusan duk wani motsi na rai da ke cikin ƙwaya yakan tsaya cik, tsufa ya koma tafiyar hawainiya. Masu kiwon zamani ba baƙin abin ba ne, domin a irin wannan tukunya, mai kama da babban filas ɗin shayi, ake ajiye maniyyin bijimai da ake yi wa shanu barbara da shi.

Tambayar da mai jari zai fara yi ita ce ko irin da ya sha wannan sanyi zai tsiro ya yi yabanya kamar sauran, kuma ko 'ya'yansa za su ci gaba da gina jiki yadda aka sani. Amsar masana ta dogara ne kan danshi. Idan da ruwa da yawa a cikin ƙwaya, ruwan zai zama ƙanƙara mai tsini ya farfasa ƙwayoyin halittarta, ta mutu. Idan kuwa an busar da ita har danshinta ya sauko zuwa tsakanin kashi 3 da kashi 7 cikin 100, babu ruwan da zai yi wannan ɓarna. Wake da gurjiya suna cikin tsirran da Allah ya hore wa jure irin wannan bushewa ba tare da sun mutu ba.

Masu bincike a Jami'ar Ciego de Ávila ta ƙasar Kuba sun gwada haka da wani ɗan'uwan waken nan da ake nomawa a can, suka buga sakamako a 2012 da 2013. Irin da aka tsoma cikin naitirojin ya tsiro daidai da wanda ba a tsoma ba. An ga 'yan canje-canje a sinadaran jikin ƙananan tsirrai a kwanakin farko, alamar sun ji jiki, amma da aka kai gona shukar ta girma ta ba da amfani ba tare da wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Daga baya sun gwada wasu dangin wake da ake shukawa domin abincin dabbobi, masu taurin ɓawo, sai aka sami wata riba da ba a nema ba: sanyin yakan tsattsage ɓawon, ruwa ya sami hanyar shiga, irin ya fi saurin tsirowa. Sinadarin gina jiki kuwa, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙwayar wake, daga asalin iri da ƙasar da aka shuka shi yake zuwa, sanyi bai ƙara shi ba, bai kuma rage shi ba.

Duk da haka dabarar tana da iyaka. A Fort Collins ta ƙasar Amurka, inda aka fara ajiye iri cikin naitirojin tun ƙarshen shekarun 1970, wani nazari na 2004 ya nuna cewa ko a can iri yana tsufa, sai dai a hankali ƙwarai. An ƙiyasta cewa irin latas zai kai kimanin shekara 500 a cikin tururin kafin rabinsa ya mutu. Manyan ƙwayoyi kan tsage idan aka yi gaggawar sanyaya su ko ɗumama su. Iri mai maiƙo kamar gyaɗa ya fi wake saurin lalacewa a ajiya, yana kuma bukatar kulawa ta dabam. Sa'an nan ruwan naitirojin yana ƙafewa kullum, ko an buɗe tukunya ko ba a buɗe ba. Dole a riƙa ƙara shi a kai a kai, kuma tukunyar da ta ƙafe ta koma kwano kawai.

A nan ne ya kamata masu sha'awar kawo wannan fasaha Mubi su yi hattara. Wake ba ya bukatar sanyi mai tsanani haka kafin ya daɗe. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masanin iri Harrington ya tsara, wadda har yau ake aiki da ita: duk lokacin da aka rage danshin iri da kashi 1 cikin 100, tsawon ransa yakan ninka, haka kuma duk lokacin da aka rage zafin ma'ajiya da digiri 5. Saboda haka busasshen wake da aka rufe cikin fakitin alminiyam, aka sa a injin daskarewa mai digiri 18 ƙasa da sifiri, zai yi shekaru gommai da ransa. Wannan shi ne mizanin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar wa taskokin iri. Babbar taskar duniya da aka buɗe a tsibirin Svalbard na ƙasar Norway a watan Fabrairu na 2008 ita ma a wannan sanyi take, ba a naitirojin ba. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana riƙe da samfurin wake sama da 15,000 daga ƙasashe sama da 80, tarin da ya fi kowane girma a duniya, kuma a ɗakunan sanyi take ajiye su. Inda naitirojin ya fi amfani shi ne wajen rogo da doya, waɗanda ba da ƙwaya ake yaɗa su ba.

Haɗarin da ke kan irin Mubi na wani fanni ne dabam, kuma mutanen garin sun gan shi da idonsu. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, sai a tsakiyar Nuwamba aka ƙwato ta. Wannan lokaci shi ne daidai kakar wake. Jama'a sun gudu zuwa Yola da cikin Kamaru, an bar amfani a gona, an bar rumbuna ba mai tsaro, a Michika da Madagali ma abin ya fi daɗewa. Manomin da ya dawo ya tarar da rumbu wayam dole ya shuka abin da ya samu a kasuwa ko abin da masu agaji suka raba. Irin agaji ya ceci rayuka, babu mai musun haka, amma ba lallai ne ya zama irin da ƙauyen ya saba da shi ba, wanda ya san gangaren duwatsun Mandara da ƙasar bakin kogin Yedzaram. Iri kuwa idan ya tsallake damina biyu ko uku a zafin ɗaki ba a shuka shi ba, sai ƙwaro da danshi su gama da shi ba tare da an yi shela ba.

Ƙasar Siriya ta nuna abin da ajiyar kwafi ke yi a irin wannan hali. Yaƙi ya tilasta wa cibiyar ICARDA barin taskarta da ke kusa da Halab, amma da yake ta riga ta aika kwafin irinta Svalbard, sai a 2015 ta karɓo shi ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Ita ma IITA tana cikin waɗanda suka fara aikawa can, da samfuri kimanin 7,000 a farkon 2008. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai kasuwa zai iya cewa tunda ga ingantaccen iri daga Samaru, me za a yi da tsohon irin ƙauye? Amsar tana cikin tarihin ingantaccen irin kansa. Wuta-wuta, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar wake ta tsotse shi, ta daɗe tana talauta manoman arewa. Maganinta ya fito ne daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da ake kira B301, wanda ba shi da wani farin jini a kasuwa, amma wuta-wuta ba ta iya kama shi. Masu haɗa iri na IITA a Kano suka ɗauki wannan hali suka zuba cikin sababbin iri, daga cikinsu har da wanda aka fitar da sunan SAMPEA 10 a 2008. Da mutanen Botswana sun yar da wakensu don ba ya kuɗi, da wannan magani bai samu ba. Babu wanda zai iya faɗin wane hali ne ke ɓoye cikin waken wata tsohuwa a bayan Maiha sai ranar da sabuwar cuta ta zo. Waɗanda suka ga yadda cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da cinikin gyaɗa a arewa sun san cewa irin wannan rana tana zuwa.

Akwai kuma maganar harawa. Mubi tana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, kuma masu turke sun san darajar harawar wake idan rani ya tsananta. Ire-iren gargajiya masu yaɗo, irin su kanannado, suna ba da ƙwaya su kuma ba da harawa mai yawa, abin da wasu ire-iren zamani masu saurin nuna ba su kai su ba. Dillalin shanu ma ke nan yana da hannun jari a cikin wannan iri, ko ya sani ko bai sani ba.

Wajibi ne a bambanta ajiyar iri da ajiyar haja, domin ana yawan cakuɗa su. Babu wanda zai zuba tirela guda ta wake cikin naitirojin; taska 'yan ƙwayoyi dubu ɗaya ko biyu take ɗauka daga kowane iri. Matsalar haja ita ce ƙwaro, da maganin da ake barbaɗawa don kashe shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa, aka kuma tsawaita hanin a 2016. Alhali maganin wannan yana kusa da gida: buhun nan mai ninki uku na PICS, wanda ke toshe wa ƙwaro iska har ya mutu, a Marwa ta Kamaru masanan Jami'ar Purdue da takwarorinsu na can suka fara gwada dabararsa a ƙarshen shekarun 1980. Buhun ya isa ya kai haja daga kaka zuwa bazara, har ma irin da manomi zai shuka baɗi. Abin da ba zai yi ba shi ne riƙe iri shekara talatin.

Abin da ya dace Mubi ta fara da shi bai fi ƙarfinta ba. Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a garin a 2002, tana da tsangayar aikin gona, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ɗalibai da malamansu za su iya bin ƙauyuka lokacin kaka su tattaro wake da gurjiya da gyaɗa, su rubuta sunan kowane iri da harshen masu shi, ko Gude ne ko Fali ko Margi ko Fulfulde, da inda aka samo shi, da abin da manoma suka ce ya fi ƙwarewa a kai. Wannan rubutu shi ne rabin darajar samfurin, kuma galibi a bakin mata da tsofaffi yake. Bushewar hunturu da ke biyo bayan kaka ta riga ta rage wahalar shanya. Sauran kayan aiki su ne ma'aunin danshi, da na'urar liƙe fakiti, da injinan daskarewa biyu ko uku masu aiki da hasken rana. Bayan 'yan shekaru a ɗebi kaɗan a gwada tsirowa; idan ta faɗi ƙasa da kashi 85 cikin 100 na yadda take tun farko, a sake shukawa a sabunta.

Mai goyon bayan naitirojin yana da hujja guda mai ƙarfi, wato tukunyarsa ba ruwanta da ɗaukewar wutar lantarki. Gaskiya ne. Sai dai ta dogara da mota da hanya da mai kawo ruwan a kan lokaci, kuma a Oktoban 2014 hanyar ce ta fara yankewa. Abin da ke tsare iri daga irin wannan masifa shi ne a raba ƙafa: kwafi ɗaya a Mubi, ɗaya a cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, da aka kafa a Ibadan a 1987, ko a IITA, daga can kuma ya wuce Svalbard. Ire-iren da suka ƙi zama a injin daskarewa, su ne za a bar wa manyan cibiyoyi su sa a naitirojin.

Saura wanda zai biya. Idan aka jira kasafin gwamnati, aikin zai bi sahun ayyukan da ake ƙaddamarwa da kaɗe-kaɗe a manta da su bayan shekara. Ƙungiyoyin dillalan hatsi da na shanu a Mubi sun saba karɓar 'yan kuɗi a kan kowane buhu da kowace mota domin hidimar kasuwa, kuma ɗan abin da za a ware daga nan zai iya riƙe ƙaramar taska, muddin an rubuta yarjejeniya da jami'ar kan wanda ke riƙe da mabuɗi da kuma haƙƙin ƙauyen da ya ba da iri ya karɓe shi duk ranar da ya nema. Kamfanonin iri ma suna da dalilin shiga, tunda dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri ta 2021 ta ba su damar cin moriyar abin da suka haɗa. Lokacin tattarawa kuwa gajere ne, daga Oktoba zuwa Disamba, kafin waken ƙauyuka ya haɗu a kasuwa a zuba shi cikin buhu ɗaya.