Tsirya a Keji da Sanyin Hunturu

Ba duk ƙananan aku masu doguwar wutsiya ne asalinsu ɗaya ba. Tsiryarmu mai zobe a wuya 'yar ƙasa ce, ita kuwa ƙaramar da Turawa ke kira bajariga daga Ostareliya John Gould ya kai ta Ingila a 1840. Ko wacce ake kiwo a cikinsu, bai dace a bar kejinta a tsakar gida da daren hunturu ba. Wani zai ce ai tsirya na rayuwa cikin sanyin Landan. Haka ne, amma sakakkiya ce, tana iya neman mafaka da kanta. Ta keji sai dai ta kumbura gashi tana rawar ɗari. Jama'a, ku shigar da kejin ɗaki, ku lulluɓe shi da zane.