Ku Bar Mini Sumayyata a Cikin Littafi

Ranar Talatar nan na shiga kasuwar Mafara neman In Da So Da Ƙauna, domin nawa an ara ba a dawo da shi ba. Rumfar da a da ake rataye littattafai a kan igiya yanzu kwamfuta ce a ciki, da wani yaro yana tura wa mutane fina-finai a waya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce, "Baba, ai an yi fim ɗinsa, kawo wayarka in duba maka." Yaron bai yi rashin kunya ba, taimako ya yi nufi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ba ne ke ganin da zarar an yi fim to littafi ya gama aikinsa.

Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da littafin a 1991, kuma shi da kansa ya tsaya aka mayar da shi fim a 1994. Saboda haka babu wanda zai ce ɓarayin basira ne suka ɓata masa labari. Mai abu ne ya yi da hannunsa, kuma duk da haka littafin ya fi. Dalili kuwa, aikin da takarda ke yi kyamara ba ta iya shi.

Duk wanda ya karanta ya san Sumayya, 'yar masu hali da ta ƙwallafa rai a kan Muhammad talaka, kakarta kuma ta kafe sai Abdulƙadir mai kuɗi. Lokacin da na karanta a nan gida, ban taɓa ganin Sumayya a wata unguwar Kano ba. A Maradun na ajiye ta. Tsohuwar nan mai kafiya da muryar wata gwaggona take magana, Zamfarci tsantsa, har da yadda take jan tsaki. Rijiyar da Sumayya ta faɗa ciki na san bakinta, na san gugar da ke rataye a gefenta. Wani abokina a Bakura ya karanta shafukan da na karanta, amma da muka zauna hira sai ga shi tasa Sumayyar doguwa ce, tawa kuwa gajera. Muka yi ta musu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinmu. To da fim ya zo sai ya raba gardamar da ƙarfin tsiya: ga fuska ɗaya, ga murya ɗaya, ga gida ɗaya, kowa ya karɓa. Daga ranar da ka gani, ko ka koma littafin fuskar 'yar wasan ce za ta riƙa leƙo ka.

Kuma tunda an taɓo murya, bari in sake faɗin abin da kuka gaji da ji daga gare ni. A Kannywood ba a cika jin harshenmu ba sai in ana son a yi dariya. Mai gadi, ɗan ƙauye, wawan gida, su ake bai wa Sakkwatanci da Zamfarci. Masoyi kuwa dole ya yi Kananci. Ashe mu nan ba ma soyayya sai barkwanci? A littafi dai babu mai hana ni jin jarumi da lafazin Birnin Tudu.

Ga kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 aka yi fim ɗinsa daga baya. Ƙarfin labarin yana cikin zuciyar Rabi bayan Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amaryarsa Delu: lissafin abin da za a ci gobe, da kunyar sayar da abinci, da haɗiye baƙin ciki a gaban yara. Kyamara mace mai tagumi kawai za ta nuna maka. Abin da ke kai-komo a ranta sai alƙalami. Shi ya sa har a Indiya aka buga fassarar littafin da Ingilishi a 2012, ƙasar da muke kwaikwayon finafinanta. Tun daga zamanin fim ɗin Sangaya kuwa, inda marubuci zai cika shafi biyar da zullumin budurwa, darakta sai ya kai ta lambu a yi waƙa da rawa a wuce wurin.

Za a ce fim yana kai wa ga wanda bai yi boko ba, kuma gaskiya ne. Sai dai tun kafin bidiyo ya shigo gidajenmu ƙanwa ke karanta wa matan gida da dare suna saurare, gidajen rediyo ma sun daɗe suna karanta littattafan nan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne rainin. An kira su adabin kasuwa, an ce suna lalata tarbiyya, a 2007 har tara su aka yi a Kano aka cinna musu wuta. Amma 'yan matan da suka iya karanta Hausa da kyau saboda Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, wa ya taɓa yi wa marubuciyar godiya a kansu? Mu a Zamfara ma mun fi kowa laifi. Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda ta daɗe zaune a Gusau, ita ta rubuta So Aljannar Duniya da aka buga a 1980. Ku tare ɗaliban makarantar Abdu Gusau ku tambaye su sunanta, sannan ku tambaye su sunayen 'yan wasan shirin Labarina, ku ji inda baki zai fi sauri.

A Satumbar 2021 da aka katse mana layukan waya, masu jiran sabon kashin fim a YouTube sun yi ta hamma. Wanda ke da littafi a ƙarƙashin katifa bai rasa abokin hira ba.

Ban ce kada ku kalli fim ba. Amma in an ce muku labarin daga littafi aka ɗauko shi, ku fara neman littafin, ku saya da kuɗinku, ku karanta kafin wani ya zaɓa muku fuska. Masu shirya fim kuma ku rubuta sunan marubuci da manyan baƙaƙe, ku biya shi haƙƙinsa.